Ƙarar da Hilkka Ta Sani

A ƙasarmu ta Kainuu, can ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ke rufe hanya, in kana son sanin halin namiji, kada ka wahalar da kanka da jiran maganarsa, don ba zai yi ba. Ka duba ranar da yake sauya tayoyin motarsa. Akwai masu zama sai ƙanƙara ta kwanta a titi, mota ta fara rawa da su, sannan su yi dafifi a ƙofar mai taya suna zagin sama, sai ka ce ba kowace shekara sanyin yake zuwa ba. Akwai kuma irin su Aarne Moilanen, waɗanda tun ganye bai gama zuba ba sun fito da tayoyin sanyi daga rumfa, sun jera su a tsakar gida, suna zagaya su hannu a baya.

Aarne ya doshi tamanin. Dogo ne siriri, mai manyan kunnuwa da sanyi ya gasa har jan ya zauna musu. Sama da shekara talatin ya yi yana jan motar madara, yana bin gonakin da ke warwatse cikin daji ya kwaso ya kai kamfani a gari. Sau ɗaya tak ya taɓa jefa mota a rami, wata barewa ce ta faɗo masa a kwana, kuma har gobe in aka tayar da zancen sai ya ce ita ce ba ta duba hanya ba. Bayan wannan ba shi da wani labari. Ba ya faɗa, ba ya sha sai a biki, ba ya zuwa coci sai an yi aure ko an yi mutuwa. In ka gaishe shi a hanya zai ɗaga maka yatsa ɗaya daga kan sitiyari, kuma a wurinsa an sha hira ke nan.

Matarsa Hilkka ita ce mai surutun gidan, a ma'auninmu na nan, wato in ka tambaye ta abu takan amsa har ta ɗan ƙara. Gajeruwa ce, kuma a dā ita ke dafa wa yara abinci a makarantar ƙauye. A wurin rawa suka haɗu wata bazara. Shi bai iya rawa ba, ya yi ta taka mata ƙafa har ta ce ya ji tausayinta su zauna. Da aka tashi ya kai ta gida a motar madara. Daga baya takan ce ai motar ta aura, shi gyara aka yi mata da shi.

Sau biyu a shekara suke sauya taya, kuma tare suke yi. Shi yana durƙushe da jak da sifana, ita tana tsaye a kansa, notuna a aljihun rigar girkinta, alli rawaya a hannu. Duk tayar da ya cire sai ta juya ta, ta rubuta a cikinta inda ta fito: hagu gaba, dama gaba, hagu baya, dama baya. Ta ce rubutunsa ko kaza ba za ta amsa nata ba ne. Shi kuma ya ce in ba don shi ba da ba ta san mota na da hagu da dama ba. Wannan shi ne faɗan da suka fi yi a zamansu, kuma ba su taɓa fasa shi ba.

Tayar sanyi ta Aarne kullum mai ƙusa ce, irin mai ƙananan haƙora a jikin roba masu cizon ƙanƙara. Duk wanda ya tashi a nan ya san ƙararta a ƙasa mai tauri, ƙas-ƙas-ƙas, kamar an jefa kifi a mai mai zafi. Aarne kuma yana da ɗabi'ar tsofaffin direbobi, ba ya barin mota ta kwana tana kallon bango. In ya shigo gida sai ya zagaya bishiyar tsakar gida a hankali, ya juya hancin mota ya kalli hanya, sannan ya kashe. Kafin ya kakkaɓe takalmi ya shiga, gahawa tana kan wuta, kofi biyu suna kan tebur.

"Ka dawo?"

"Na dawo."

"Hanya fa?"

"Tana nan."

Shi ke nan. Shekara hamsin da ɗoriya, ba ta taɓa ce masa ta damu ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Mu mutanen nan muna da wannan ciwo na shiru, muna kuma alfahari da shi, abin da ni dai ya daɗe da daina ba ni sha'awa.

Wata shekara da sanyi ya wuce, suna cire tayoyin, Aarne ya zo jera su a rumfa sai ya ga duka huɗun an rubuta musu hagu gaba. Ya yi dariya.

"Ke, motar nan ƙafa ɗaya gare ta?"

Hilkka ba ta rama ba. Ta tsaya tana kallon allin da ke hannunta kamar wani ne ya ba ta ajiya. Daga nan abin ya soma. Ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. Ta shirya da sassafe za ta makarantar da aka rufe tun tuni. Ranar da ta faɗi a bakin tafki ta karya ƙugu, 'yarsu Outi ta taso daga Helsinki, aka zauna da likita, aka sama mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi a cikin garin Suomussalmi. Da suka fito ne Aarne ya tambayi nas ko akwai inda baƙi ke ajiye mota.

Kullum yake zuwa, tafiyar da ba ta gaza awa guda ba daga ƙauye. Hilkka tana karɓarsa da ladabi, irin ladabin da ake yi wa wanda ya zo gyaran famfo. "Sannu, bawan Allah," in ji ta, ta nuna masa kujera. Ya zauna, su kalli taga, ya tashi. Da a ce zaginsa take yi da ya fi masa sauƙi.

Sai sanyi ya shigo, ya sa tayoyinsa masu ƙusa shi kaɗai, notuna a cikin hularsa. Rannan ya shiga harabar gidan tsofaffin, ya zagaya sandar tuta yadda ya saba, ya juya hancin mota. Yana cire takalmi a zaure sai ga Maarit, nas ɗin da ke kula da Hilkka, wata ƙatuwar mace mai tafiya kamar za ta fasa daɓe, ta taho da sauri.

"Baba, yi maza! Ta ce a ɗora gahawa, wai Aarne ya iso."

Ya shiga da takalmi ɗaya a ƙafa. Hilkka ta ɗago ta dube shi, duba na sani, har da 'yar harara.

"Ka dawo?"

"Na dawo," ya ce.

Ɗakinta yana ƙasa, tagarsa na kallon harabar. Motoci masu ƙusa suna shiga suna fita duk yini, amma kowa yana zuwa ne ya tsaya cak. Mutum ɗaya ne ke yin wannan zagaye a hankali, kuma shi kunnenta ya riƙe bayan komai ya zube. Duk tsawon sanyin nan Aarne ya samu matarsa. Ba kullum ba, ba kuma na dogon lokaci ba, yawanci kafin gahawar ta huce ta sake yin nisa. Amma a ɗan tsakanin nan takan ce masa ya rame, ta ce gashinsa na son aski, ta tambaye shi ko ya tuna ya rufe ƙofar sauna, ɗakinsu na wankan tururi. Ya riƙa komawa gida yana fito da baki, shi da ba a taɓa jin ya yi ba.

Da ƙanƙara ta narke, kowa ya koma tayar bazara, Aarne ya ƙi. Titi ya bushe ƙayau, shi yana nan yana ƙas-ƙas a kai. Jorma mai shagon taya, ɗan abokin aikinsa na dā, ya tare shi a gidan mai.

"Kawu, ƙanƙarar tana ina? Ko a aljihu kake yawo da ita? Busasshiyar kwalta tana cire ƙusa fa, kai ka koya min."

"Na ji," in ji Aarne, ya ja motarsa.

Ya sani sarai. Direban da ya shekara talatin a hanya ba ya bukatar a gaya masa abin da kwalta ke yi wa ƙusa. Amma kowace safiya sai ya ce yau kaɗai, gobe zai cire. Haƙoran suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, ƙarar tana raguwa, har ranar da ya zagaya sandar tuta ya shiga, Hilkka ta dube shi ta ce, "Wa kake nema, bawan Allah?" A ranar ya cire su. Ya shafa su da tafin hannu, sumul, sai ramuka inda ƙusoshin suke dā. Da hannunsa ya cinye su, kuma ya san haka.

Bazarar nan ta yi masa tsawo. Mutane suna murnar rana, suna gasa tsiran nama a bakin tafki, suna tsinkar 'ya'yan itace a daji, shi kuwa haushin hasken yake ji. Kowace safiya sai ya leƙa ma'aunin sanyi da ke jikin taga, ya yi tsaki. Abu ɗaya ya sa a gaba: sanyi ya dawo, ya sa sababbin tayoyi masu ƙusa, Hilkka ta sake ce masa ya dawo.

Yana shirin zuwa saye sai Outi ta bugo waya.

"Baba, kada ka sayi komai. Na yi magana da Jorma, na sa a kawo maka masu kyau. Ka jira su iso."

"Masu ƙusa?"

"Haba Baba, wa ke sa ƙusa yanzu? Mu nan duk mun daina. Waɗannan robarsu ce ke riƙe hanya, ba ƙara, ba ƙura. Kyauta ce fa, kada ka fara min gardama. Ni dai hankalina ba ya kwanciya da tuƙin nan naka na kullum."

Da ya buɗe baki ya gaya mata dalili, da magana ta ƙare a nan, don Outi ba muguwa ba ce, 'ya ce mai tsoron a kira ta a ce ubanta ma ya tafi. Amma ta ina tsoho irin Aarne zai fara ce wa 'yarsa uwarta ba ta gane fuskarsa sai ta ji ƙarar taya? Ya ce to. Ya ajiye waya ya zauna jira, har ƙanƙarar farko ta riga kayan isowa. Ranar da Jorma ya aiko cewa sun zo, Aarne Moilanen ya tsinci kansa a layi tare da malalatan da ya shekara hamsin yana yi wa dariya.

Shagon ya cika maƙil, injin ɗaure noti yana ta kuka, mutane na tsaye da kofin takarda suna ƙorafin wai sanyin bana ya zo ba sallama. Jorma, wanda tumbi ya riga shi fitowa, yana tauna cingam tun da likita ya raba shi da taba, ya hango shi.

"A'a! Jama'a ku zo ku ga abin mamaki, Kawu Aarne a layin 'yan makara! Zo ka ga amarenka, ga su can Outi ta sa na ajiye maka."

Ya gangaro da ɗaya. Baƙa wuluk, sabuwa fil, tana ƙanshin roba. Aarne ya duƙa ya bi ta da yatsa.

"Ina haƙoran?"

"Ba ta da su, ba ta bukata. Taɓa ka ji laushi. Wannan ko jariri ka ɗauko ba zai farka ba."

"Ni ba jariri nake ɗauka ba."

"To, na san za a yi haka." Jorma ya shiga ciki ya fito da wata. "Ga mai ƙusa, ta bana. Dubi yadda suka yi su ƙanana, birjik. Riƙo kamar kaska, kuma sun yi aiki a kan ƙarar, da ƙyar za ka ji ta."

"Ita ma?"

"Ita ma me?"

"Duk duniya ta koma raɗa ke nan?"

Jorma ya daina tauna cingam. Aarne ya juya ya fita, ya je bakin ƙofar harabar ya tsaya, ya ɗage hula daga kunne ɗaya. Motocin da aka gama wa aiki suna fita ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta wuce sulu, ya girgiza kai. Wata ta wuce da ɗan ƙas-ƙas na jin kunya, ya taɓe baki. Mutane suka fara taɓa juna suna nuna shi. Can sai ga wata tsohuwar motar mai sayar da kifi ta taho tana ɓarin ƙara, har wani kare da ke ɗaure ya miƙe. Aarne ya rufe ido ya saurara har ta hau titi. Sannan ya koma ciki.

"Irin na mai kifi nake so."

"Haba Kawu! Wannan ai kwantai ne, ragowar bara. Ƙusoshinta manya ne irin na zamaninku. Wanda duk na sa wa sai ya dawo yana zagina, wai ba ya jin rediyo."

"Tana riƙe hanya?"

"Riƙo kam tana riƙo. Amma kafin ka kai gida ka kurumce. Ga abin arziki 'yarka ta saya maka, ka ce sai tarkace? Me ya yi zafi?"

Aarne ya dubi tarin tayoyin da ke bayan Jorma, bai dube shi ba.

"Hilkka ba za ta ji waɗancan ba," ya ce. "In ta ji ƙarar, tana sanin ni ne."

Jorma ya ci abincin Hilkka a makaranta yana yaro, ta sha ƙara masa dankali a ɓoye. Ya juya ya fuskanci kantar kayan shagon, ya shiga neman wani abu da ba ya wurin, ya daɗe yana nema. Da ya juyo sai ya daka wa ma'aikatansa tsawa su sauke motar da ke kan jak, ta Kawu za a fara yi. Wani mai jan kwat ya ce ai shi ya riga zuwa. Jorma ya ce masa in yana sauri ga sifana can.

"Outi fa?" in ji Aarne.

"Bar ni da ita. Zan ce kai ka yi taurin kai. Ba za ta yi mamaki ba."

Da aka buɗe but za a sauke tsofaffin tayoyin a jefa kan tari, Aarne ya hango ɗan rawaya-rawaya a cikin ɗaya, rubutun da ya kusa gogewa. Ya ce a mayar masa da su. Jorma ya tambaye shi me zai yi da taya marar haƙori, ya ce dankali zai shuka a ciki.

"Ka bi su a hankali kwanakin farko, ƙusoshin su zauna," in ji Jorma ta taga. "Ban da birki mai ƙarfi. Kuma ka dawo in sake ɗaure notunan."

"Yau kai ke koya min?"

"Ka gaishe ta, Kawu."

Daga shagon bai koma gida ba. Ya miƙe sai gidan tsofaffi, motar tana ƙara har cikin haƙoransa, shi kuwa daɗi yake ji kamar yaron da aka saya wa ganga. Ya tsaya a kanti ya sayi burodi mai kirfa irin wanda take so. A madubin mota ya gyara gashinsa da yawu, ya tuna ya yi aski jiya, ya ji kunyar kansa.

Ya shiga harabar a giya ta ɗaya. Ƙas-ƙas-ƙas, ya zagaya sandar tuta, ya juya hancin mota. Kafin ya kashe inji ya ga Maarit a ƙofa tana yi masa hannu da ƙarfi, fuskarta duk haƙora.

"Ta ji! Wallahi ta ji, har ta sa na kawo kofi biyu!"

Sai dai ƙafafun da suka kai shi ɗakin bara ba su ne na bana ba. Ya yi fama da igiyar takalmi, ya bi dogon barandan yana dafa bango. Da ya tura ƙofa, Hilkka tana zaune a bakin tebur, ta shafe gashinta baya, kofi biyu suna hayaƙi a gabanta. Ta ɗago da fara'a. Idonta ya sauka a kansa, ya wuce shi, ya tsaya a ƙofar da ke bayansa.

"Bawan Allah, ba ka ga maigidana a waje ba? Yanzu na ji motarsa."

Aarne ya tsaya da ledar burodi a hannu. Bazarar da ya yi ta zagi ba shi kaɗai ta ci ba. Ciwon ya ƙara gaba, ya cinye ɗan abin da ya haɗa ƙarar da fuskarsa. Ƙarar tana nan a kunnenta daram, mai ƙarar ne babu.

"Ni ne, Hilkka."

"Zauna mana," ta ce da ladabi. "Yanzu zai shigo. Yana kakkaɓe takalmi ne, ba ya son in yi masa faɗa."

Ya zauna. Hannunsa ya tafi wajen kofin da kansa, ta ɗora nata a kai.

"Yi haƙuri, wannan nasa ne."

Suka zauna suna kallon ƙofa su biyu. Hayaƙin kofin ya ragu. Sai fara'ar ta fara barin fuskarta, wata fuskar ta maye gurbinta, wadda Aarne bai taɓa gani ba a duk zamansu. Leɓenta ya tsuke, yatsunta suna murza gefen rigarta. Ta jawo keken da take dogarawa, ta miƙe da ƙyar, ta je taga ta tsaya.

"Akwai santsi yau," ta ce. "Ka biyo hanyar?"

"Na biyo. Ba laifi."

"Haka shi ma yake cewa. Tana nan, tana nan." Ta ɗan yi dariya marar daɗi. "Bai san ina tsayuwa a taga ba. Tun muna sabon aure nake yi. In duhu ya fara, sai in kasa zama. Da na ji ƙarar sai in yi maza in koma murhu, kada ya gan ni."

"Don me?"

Ta juyo ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta.

"In ya san ina jin tsoro ai sauri zai riƙa yi don ya zo ya kwantar min da hankali. A kan ƙanƙara? Gara ya ɗauka ban damu ba."

Aarne ya sunkuyar da kai. Shekara hamsin da ɗoriya yana shigowa ya tarar da bayanta a murhu, ya ɗauka haka ta yini.

"Wane irin mutum ne?" ya tambaya.

"Ba ya magana. Kai ma ka fi shi. Amma in na ce ƙafata na sanyi, da safe zan tarar da takalmina a gefen murhu." Ta koma ga tagar. "Ya daɗe fa. Na ji motar, na tabbata na ji. Ko dai ba shi ba ne?"

Muryarta ta fara rawa. Wannan ne Aarne ya kasa ɗauka. Ya ajiye burodin a kan tebur kusa da kofin, ya miƙe.

"Bari in leƙa, ko ya tsaya a hanya."

"Allah ya saka. In ka gan shi, ka ce kada ya yi sauri."

Ya bi barandan ya koma, ya sa takalmi bai ɗaure ba. Maarit ta bi shi da ido. Ya tayar da mota ya fita har babban titi, ya je gaban gidan mai ya juyo. Rana ta riga ta yi ƙasa, kamar yadda take yi da wuri a wannan wata. Ya sake shiga harabar a giya ta ɗaya, ya kama zagayen sandar tuta a hankali, a hankali fiye da yadda ya taɓa yi. A karo na farko a rayuwarsa, maimakon ya kalli inda hancin mota zai tsaya, ya ɗaga ido ya kalli taga.

Tana nan, goshinta a jikin gilashi. Ya ga kafaɗunta sun sauka. Ya ga ta shafa gashinta. Sannan ta juya keken dogarawar da gaggawa, tana ja tana tuntuɓe, tana sauri irin na mai karyayyen ƙugu, don kada ya gan ta.

Ya kashe inji. Ya kama murfin ƙofa zai buɗe, sai ya saki. In ya shiga, mijinta zai sake ɓata a hanya. In kuma ya tafi, da tayoyin da ya zaɓa da kunnensa, duk garin sai ya ji fitarsa, balle ita. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari ya zauna, sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa.

Can aka ƙwanƙwasa gilashi. Maarit ce, ba ko rigar sanyi, ta rufe bakin kofi da tafin hannu. Ya sauke gilashin.

"Na sake ɗumama shi," ta ce. "Ai naka ne."

"Me ta ce?"

"Ta ce ya iso lafiya. Tana yanka burodin."

Aarne ya karɓi kofin da hannu biyu.

"In ta yi barci ki ja labule, sai in tafi."

"Gobe fa, Baba?"

"Gobe ma," ya ce.

Ya ɗaga gilashin, ya kurɓi gahawar, ya ci gaba da kallon tagar.